Haƙoran sawa da cirewa: wanne ne kwalliyarsa ke biyan kuɗin sabulu a Legas?

Shekarata goma sha ɗaya ina yi wa amare lalle da gyaran jiki a Agege, amma sai a 'yan shekarun nan na fara jin amarya tana yi mini maganar haƙori. A da tambayar ba ta wuce dilka da halawa da turaren tsuguno, sai ko wane janbaki zai hau da leshin ranar walima. Yanzu ina cikin zana mata fulawa, hannu ba halin taɓa waya, sai ta ce wa ƙawarta, "Nuna wa Anti bidiyon nan." Bidiyon kusan iri ɗaya ne kullum. Mace ta buɗe baki, ga giɓi ga baƙi, ta ɗauko wani farin abu kamar rabin awarwaro ta danna a kan haƙoranta na sama, ta yi murmushi, haƙora sun jeru fari tas kamar shinkafa 'yar gwamnati. Daga nan sai tambaya: Anti nawa ne, kuma a ina ake samu?

"Nawa ne" ɗin nan ita ce mai wuyar amsawa, domin abu uku ne daban-daban ake kira da suna ɗaya, kuma ratar da ke tsakanin na ƙasa da na sama ita ce ratar da ke tsakanin kuɗin cefanen yini da kuɗin hayar shekara.

Na farko shi ne na araha, wanda ake talla a waya, ɗan aike mai babur ya kawo miki har ƙofar gida. A kasuwannin intanet na ƙasashen waje Dala 5 zuwa 20 ne, masu sarowa su ɗora tasu ribar. 'Yar yayata ta sayi nata Naira 8,000, ta biya wasu 3,000 na kawowa. Tana da haƙorin gaba guda ɗaya da ya guntule tun tana 'yar shekara tara, faɗuwa ta yi a bakin rijiya can gida Zariya, kuma tun daga lokacin in dariya ta kama ta sai ta kai gefen mayafi baki. Saura kwana huɗu ɗaurin aurenta saƙon ya iso a cikin 'yar leda: farar roba mai siffar haƙora, da wasu ƙananan ƙwayoyi farare kamar gero. Umarnin shi ne a zuba ƙwayoyin a ruwan zafi har su yi laushi kamar ƙaro, a liƙa su a bayan robar, a danna a haƙori, a jira ya huce.

Sau uku muka gwada a ɗakina kafin ya kama. Daga nesa, gaskiya, ya yi fari. Amma leɓenta na sama ya turo gaba kamar wadda zuma ta harba, saboda kauri aka ƙara a kan haƙoran da suke nan daram, kuma awon ba nata ba ne, awo ɗaya ake bugawa ga kowane baki a duniya. Da ta ce mini "sannu da aiki" sai na ji tsamin bakin da ban san ta da shi ba, harshe yana neman inda ya saba dafawa bai samu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru da yamma. Ta kurɓi shayi, abin ya saki, ta tofo shi a tafin hannu. Dalilin a fili yake: irin wannan ƙwayar tana narkewa ne a zafin da bai wuce digiri 60 ba, to abin da ruwan zafi ya tausasa da rana, shayi zai sake tausasa shi da dare. Na daɗe ina tunanin da a ce tana tsakiyar dariya ne ya sulluɓe ya nufi maƙogwaro.

Naira 11,000 ke nan, ba a ci moriyar ko yini ɗaya ba. Araha ba ta ado. In akwai abin da wannan zai yi miki, to hoto ne guda ɗaya a tsaye, ba magana, ba ci, ba sha.

Na biyu shi ne wanda ake ƙerawa daidai da bakinki, amma ta hanyar aike. Kamfanoni ne a Amurka da Ingila, irin su Instasmile, suke turo miki 'yar kwali da wani cokali mai siffar muƙamuƙi da ƙullu kala biyu. Ki murza su su haɗe, ki zuba a cokalin, ki ciza na 'yan mintoci har ya daskare, ki ɗauki hotonsa ki tura su duba, sannan ki mayar musu da shi. Bayan 'yan makonni su aiko da haƙoran. Farashin yawancinsu yana tsakanin Dala 300 da 800, gwargwadon na sama kaɗai ne ko sama da ƙasa, da kuma irin robar. Na ga irinsa a bakin wata Hajiya da nake yi wa ƙunshi, 'yarta da ke Landan ce ta yi mata hidimarsa. Ba a haɗa shi da na farko. Bai da kauri sosai, launinsa ba farin alli ba ne, kuma yana kama haƙori da kansa ba tare da wani gam ba. Sai da ta cire shi a gabana za ta ci dambun nama sannan na gane.

Sai dai wanda ke zaune a Ikko lissafinsa daban ne da na mutumin Landan. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dala ɗaya a hukumance wajen Naira 460 ce. A farkon 2024 ta haura 1,500. Abin Dala 500 da a da zai tsaya miki a 230,000 ya koma 750,000, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. In muka yi lissafi da 1,500 ɗin, tsakanin 450,000 ne da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma ba a sa kuɗin jirgi ba. Kaya zai tsallaka teku sau uku: ƙullu ya zo, awo ya koma, haƙora su zo. Ga abin da za a iya nema a wajen kwastan. Wannan duk in awon ya yi kyau tun karon farko ne. Ƙullun nan ba ya jira, in hannu ya yi sanyi ya daskare kafin ki ciza, in kin motsa muƙamuƙi awon ya ɓaci, kuma ke ba aikinki ba ne, ranar kika fara. Idan haƙoran suka iso ba su zauna ba, ko da kamfanin ya yarda ya sake yi kyauta, aike ba kyauta ba ne. Hajiyar da na ambata ta tsira daga wannan ne don a can aka ɗauki awonta lokacin da ta je ganin jika. A ganina, ga mai zama a Legas da ba shi da mai kai-komo a can, wannan na biyun shi ne mafi haɗarin asarar kuɗi a cikin ukun, duk da ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Kuma a duk tsawon cinikin babu wanda ya leƙa bakinki ya ga ko akwai ciwo.

Na uku shi ne wanda likitan haƙori yake ɗaukar awo da hannunsa. Sunan da ya fi fice shi ne Snap-On Smile, na wani kamfanin Amurka da ake kira DenMat. Zuwa biyu ake yi: na farko a duba baki a ɗauki awo a zaɓi launi da siffa, na biyu a gwada a gyara inda ya matse. Ba allura, ba a kankare haƙori, ba gam. Robar mai tauri ce, ana iya cin abinci mai laushi da shi, kuma in an kula ana cewa yana kai shekara 3 zuwa 5. A Amurka layi ɗaya, sama ko ƙasa, yana kamawa daga Dala 1,000 har 3,500. A lissafin 1,500 ɗin nan, mafi arahar ke nan Naira miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 Naira 85,000 ne, wato albashin wata 17 da ɗoriya ba a taɓa ko kwabo ba. In kika raba miliyan ɗaya da rabin nan da shekarun da zai yi, 300,000 zuwa 500,000 kike biya duk shekara, kuma ranar da ya tsage ko ya ɓata a wurin biki an koma farko. A nan gida yana da kyau ki tambayi likita ko masu ƙera haƙori da yake aiki da su za su iya yin irinsa a Legas ba sai an aika waje ba, domin duk abin da Dala ba ta shiga cikinsa sau biyu ya fi sauƙi. Ki kuma sani asibitin da ke Lekki ko Ikoyi kuɗin haya da na man janareto suna cikin takardar da zai miƙo miki. Aiki iri ɗaya a Ikeja ko Surulere sau da yawa ya fi rangwame.

To amma ni abin da nake gaya wa amarena tun kafin a kai ga zaɓar ɗaya cikin ukun shi ne: me ke damun haƙorin? Yawancin waɗanda ke nuna mini bidiyon nan ba su buƙatar rufe haƙora takwas ko goma. Matsalar guda ɗaya ce, kuma kusan kowace tana da maganinta da ya fi rufi araha.

In dauɗa ce ta goro ko shayi ko taba, da wannan tsatsar mai tauri da ke taruwa a gindin haƙori wadda aswaki da buroshi ba sa cirewa, wankin haƙori a asibiti ne maganinta. Bai cika kai awa ɗaya ba, kuma yana cikin ayyukan da suka fi araha a wurin likitan haƙori. Mutane da yawa da ke ganin haƙoransu sun lalace ba su taɓa ganin ainihin launinsu ba tun suna yara. In haƙori ɗaya ne ya guntule, ana cike shi da wani farin ƙullu da suke kira kwamfozit, a daidaita launinsa da na maƙwabtansa, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, a zama ɗaya. Yana yin shekara 5 zuwa 7. In haƙori ne ya fita ya bar giɓi, haƙorin roba da muka sani tun zamanin iyayenmu yana nan, shi ma ana sawa ana cirewa, giɓin kaɗai yake cikewa, kuma a cikin hanyoyin maye haƙori babu mai arahar sa. In karkacewa ce, wayar ƙarfe ake ɗaura wa haƙoran, shekara ɗaya ko biyu, da tsada, amma haƙorinki ne ya miƙe.

Akwai wani launin da wanki ba ya fitarwa, kuma shi ne nake tausaya wa masu shi. Wanda ya tashi a wuraren da ruwan rijiya ke da sinadarin fuloraid da yawa, kamar yankin Kaltungo a Gombe ko Langtang a Filato, haƙoransa kan fito da ɗigo-ɗigon fari ko ja-ja-ja tun yana yaro. Wannan a cikin jikin haƙorin yake, ba ƙazanta ba ce, ko da yake mutane ba sa fasa yi musu kallon marasa wanke baki. Su ne rufi ke yi wa amfani da gaske, kuma su ne ya kamata su zauna su auna na cirewa da na dindindin.

Na dindindin shi ne ɓawon tangaran da likitoci ke kira biniya, wanda ake mannawa a fuskar haƙori. Kyau kam ya fi duka, ana ci ana sha da shi, yana yin shekara 10 zuwa 15. Amma lissafinsa haƙori ɗaya-ɗaya ne. A Amurka kowane ɗaya Dala 900 zuwa 2,500, na kwamfozit kuma 250 zuwa 1,500, kuma murmushi yana nuna haƙora shida zuwa takwas a ƙalla. Duk farashin da aka faɗa miki a Legas, ki tambaya na guda ne ko na duka, sannan ki ninka. Babban kuɗinsa kuwa ba na aljihu ba ne: sai an kankare kusan rabin milimita na farin ɓawon haƙorin, kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa. Daga ranar kin ɗaura aure da biniya har abada, in ta tsufa dole a sake wata. Masu zuwa Turkiyya saboda araha wasunsu ma ba biniya ake sa musu ba, fiƙe haƙoran ake yi su koma kamar turaku a kifa musu hula. Yarinya 'yar shekara ashirin da lafiyayyun haƙora ta yi wannan, garin neman gira ne za a rasa ido. A nan na cirewa ya fi shi da abu guda babba: ranar da kika gaji kika ajiye, haƙoranki suna nan yadda Allah ya yi su.

Sai dai suna nan ɗin ne in kin kula. Yawu shi ke wanke haƙori yana kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa idan sun samu sukari. Rufi yana tare yawu. Ki sha lemon kwalba ko shayi mai madara da sukari da shi a baki, zaƙin ya shige ƙarƙashi ya kwanta a kan haƙori har dare. Haka ake samun kogo, da warin baki, da dasashi mai jini. Saboda haka ba a kwana da shi, ana cirewa a wanke bayan kowane ci, kuma mai kogo ko haƙori mai girgiɗi ko ciwon dasashi bai kamata ya sa ba sam sai an yi magani. Kogon da za a cike yau da kuɗi kaɗan, in aka rufe shi shekara guda sai ya kai jijiya, aikin jijiya kuwa da hular da ake kifawa bayansa ya ninka ciko sau da yawa. Zoɓo da miyar manja su ma suna rina roba. Tsire, ƙashin kaza, rake, goro, aya, ƙanzo: duk mai sayarwar da ya ce za ki ci waɗannan da rufi a baki, kayansa kawai yake son ya ƙare.

'Yan'uwana maza, ku ma na ga abin ya shigo muku ta wata ƙofar, wato rufin ƙarfe mai ƙyalli irin na mawaƙan Amurka. Mu Hausawa ba baƙin ƙarfe a baki ba ne, haƙorin Makka ya daɗe yana shaida cewa mutum ya sauke farali. Bambancin shi ne na Makka guda ɗaya ne kuma manne shi ake yi, wannan kuwa layi ne ana sawa ana cirewa. Na zinariya na gaske farashinsa yana bin nauyinsa da farashin zinariya na ranar. Na arahan ruwan gwal ne aka shafa wa ƙarfe, yana koɗewa, kuma wasu suna da ƙarfen nikel da ke sa dasashin wasu mutane kumburi. Ga kuma hukuncin zinariya ga namiji. An yi rangwame inda akwai lalura, kamar sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya, amma ado zalla magana ce da za ka kai wa malaminka kafin ka kai kuɗinka wurin maƙeri. Haka mata, hadisin Ibn Mas'ud a kan masu fiƙe haƙora don ƙawa sananne ne, a tambaya kafin a yarda a kankare lafiyayyen haƙori.

Abu ɗaya da ke ƙona mini rai: wushirya. Sau biyu amarya tana zuwa mini da wushirya mai kyau tana neman abin da zai rufe ta. Na ce da ɗayarsu, "'Yar nan, kakarki da wannan aka yi ta yi mata kirari a dandali." A ƙasar Hausa ado ce, a wurin maƙwabtanmu Yarabawa ma ado ce. Haƙoran da ke cikin bidiyon nan an zana su ne don idon wasu mutanen, masu ganin kowace 'yar tazara aibi ce. A biya dubban ɗaruruwa a rufe abin da ake so a gida, wannan ban ga ribarsa ba ko ta wace fuska.

Wanda nake ganin na cirewa ya dace da shi shi ne mai haƙora da yawa da suka rine ko suka fita, dasashinsa lafiya lau, ba ya son a kankare masa komai, ko yana tara kuɗin babban aiki yana neman abin da zai fita kunya da shi kafin nan. Shi ma na hannun likita, ba na leda ba. Wanda matsalarsa haƙori ɗaya ce ko biyu, kuɗin farko da zai kashe na ganin likita ne. Asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, a tsakiyar 'yan'uwanmu, kuma makarantar koyon likitancin haƙori da ke wurin ita ce mafi daɗewa a ƙasar nan. LASUTH, asibitin koyarwa na jihar Legas, yana Ikeja, daga Agege mota ɗaya ce ko biyu. A asibitin gwamnati za ki yi sammako ki yanki kati ki bi layi, wataƙila a ba ki wata ranar, amma kuɗin ya fi sauƙi, don haka kada a bari sai biki saura mako. In na kuɗi za ki, ki tabbata likita ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a ƙasar nan. Kada ki yarda wani ya manna miki komai a haƙori a shagon gyaran gashi ko na farce, kome kyan hotunan da ya nuna miki. Mu masu kwalliya iyakarmu leɓe.

'Yar yayata da abin leda ya sha ƙasa, washegari na ajiye ƙunshin da ke gabana na rakata wani ƙaramin asibitin haƙori a Ikeja. Likitar ta duba, ta ɗauki hoton haƙorin ta ga jijiyarsa lafiya, ta wanke mata baki, ta ɗauko wani katako mai jerin launuka tana karawa a haƙorin har ta samu wanda ya dace. Kafin la'asar mun fito. Abin da muka biya duka bai kai rabin kuɗin mai hoton bikin ba. Ta gargaɗe ta kada ta ɓalle marfin kwalba ko ta gatsi rake da wannan haƙorin, kuma ta dawo bayan wata shida a duba. A cikin danfo muna dawowa, daga Ikeja har gadar Pen Cinema, harshenta yana kan wurin tana shafawa, mayafin kuma yana kafaɗa.